Tecno Phantom V Fold: Faffaɗan Allo, Amma Tana Buƙatar Lallaɓawa

A shekarar 2023 kamfanin Tecno ya fitar da Phantom V Fold, wayarsa ta farko mai naɗewa, a farashin da ya yi ƙasa da na takwararta ta Samsung. Allon cikinta mai inci 7.85 ne ya fi burge ni, domin idan aka buɗe ta, mutum zai iya karanta takarda a gefe guda yana amsa saƙon WhatsApp a ɗaya gefen ba tare da ya matse ido ba. Akwai layin naɗi a tsakiya, amma yatsa ya fi ido lura da shi.

Batirinta mai 5000mAh yana ɗaukar caji da sauri, wanda babban alheri ne a inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

Sai dai nauyinta ya kai giram 299, har tana rinjayar aljihun kaftani. Abin da ya fi damuna shi ne ba ta da shaidar kariya daga ruwa ko ƙura, alhali ƙurar hunturu ba ta barin ko ƙaramar kafa. Ina ba mai niyyar saye shawarar ya fara tambayar kuɗin canjin allo kafin ya biya.