Gidan gonarmu na Kura: yadda aikin mai zanen ya kasance

Shekara biyu ke nan da na je ofishin wani matashi mai zanen gine-gine a titin Gidan Zoo. Ina da gonar gado a wajen Kura, ina son wurin da zan riƙa kai iyali mu huta da hayaniyar Kano. Na ce masa: "Malam, ba na son bulo da kwanon da ke gasa mutum a watan Afrilu. Gida irin na kakana nake so, amma da sola da banɗakin zamani."

Abin da ya fara burge ni, bai yi gaggawar zane ba. Sau biyu yana zuwa gonar, ya duba inda rana ke faɗuwa, ya tsaya ya daɗe yana kallon tsohon rumbun da ya rage. Sannan ya ce mu haɗu a gidan tarihi na Gidan Makama in nuna masa da yatsa abin da ke raina. Daurin guga na nuna masa, wato rufin soro da ake yi da bakunan gini masu lanƙwasa da ke haɗuwa a sama.

Irinsa ya yi min a zaure, da azarar giginya, wadda gara ba ta cika damu ba. Bangon na tubali ne, mai kauri sosai, amma ya ɗora shi a kan harsashin dutse da siminti, kamar yadda ake ɗaga rumbu daga ƙasa saboda laima. Ɗakin karatun yara ma zagayayye ne kamar rumbun. Da azahar, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in ka jingina bayanka da bangon nan sanyi za ka ji. Hajiyarmu da ta shiga ta shafa yaɓen makuba da tafin hannu, ta yi shiru, ta ce ƙamshin ɗakin mahaifiyarta ta ji.

Inda na ji ba daɗi shi ne lokaci. Wata takwas muka yi magana, aiki ya ci shekara da wata biyu, don magina masu iya daurin guga sun yi ƙaranci, kuma bai faɗa min haka tun farko ba. Indararon ma gajeru ya sa, ruwan Agusta ya zaizaye bangon gabas. Da na kira shi ya zo da kansa, ya sauya su da dogaye bai karɓi ko sisi ba. Yaɓen kuwa ni na biya, kuma ya ce in sa rai da sabunta shi lokaci-lokaci kafin damina.