Marseille ko Nice: amsa ga ɗan'uwan da ke son kai iyalinsa bakin teku a jirgin ƙasa daga Paris

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka faɗa mana a ƙungiya cewa kana zaune a Paris tare da maiɗakinka da yara uku, babbansu yana da shekara tara, ƙaramar kuma ba ta cika huɗu ba, kuma ka samu hutun kwana biyar a watan Agusta, kana so ka kai su su ga tekun Bahar Rum a jirgin ƙasa, amma ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin Marseille da Nice, garuruwa biyu na kudancin Faransa. Na je garuruwan biyu da iyalina, kuma shawarata gare ka ita ce Marseille, ko da yake Nice ta fi ta kyan gani. Zan jera maka su kafaɗa da kafaɗa domin ka ga inda kowace ta fi 'yar'uwarta.

Mu fara da hanya, domin ita ce ta fi raba garuruwan nan. Jiragen rana masu gudu da ake kira TGV duk daga tashar Gare de Lyon suke tashi. Tsakanin Paris da Marseille akwai kusan kilomita 750, amma jirgin yakan cinye su cikin awa uku da 'yan mintoci, saboda an shimfiɗa masa layin dogo na musamman wanda yake gudun kilomita 300 a awa a kansa. An buɗe ɓangaren farko na wannan layi, wanda ya nufi Lyon, a 1981, sannan aka kai shi Marseille a 2001. Nice kuwa wannan sabon layi bai isa can ba. Da zarar jirgi ya gota yankin Marseille sai ya koma kan tsohon layin dogo mai lanƙwashe-lanƙwashe, ya rage gudu, yana bi ta Toulon da Saint-Raphaël da Cannes da Antibes, har tafiyar ta kai kusan awa shida. Ga babban mutum shi kaɗai wannan bambanci ba wani abu ba ne, amma wanda ya taɓa riƙon 'yar shekara uku a cinya ya san cewa awa uku na farko ana cin guzuri ana leƙen taga ana barci, a awa ta huɗu kuma rigima take farawa. Ka lissafa kuma da zuwa da dawowa: a hutun kwana biyar, Nice za ta ci maka wuni biyu kusan cur, alhali a Marseille idan kun tashi da safe za ku yi sallar azahar a masauki, yara su taɓa ruwa kafin la'asar.

Duk da haka ba zan rage wa hanyar Nice darajarta ba, domin ban ga wata tafiyar jirgin ƙasa a Faransa da ta kai ta kyau ba. Tsakanin Saint-Raphaël da Cannes layin dogo yana bin gindin duwatsun Estérel, waɗanda jajaye ne kamar jar ƙasar da ake gini da ita a gida, ga shuɗin ruwa yana dukan ƙafarsu, jirgi ya shiga rami ya yi duhu, ya fito sai ka ga wani ɗan lungun teku da mutum biyu ko uku suna iyo a ƙasanka. Ranar da muka bi ta nan ɗana ya manna goshinsa a gilashin taga bai ɗaga ba har muka shiga Cannes. Teku tana hannun dama ga mai tafiya gabas, kuma yawancin waɗannan jirage masu hawa biyu ne, saboda haka benen sama ya fi daɗin kallo, na ƙasa kuma ya fi sauƙi ga mai keken jariri da manyan akwatuna.

Nice tana da wani abu kuma da ya kamata ka sani, wato jirgin dare. An dakatar da shi a ƙarshen 2017, aka dawo da shi a watan Mayun 2021. Yakan tashi daga tashar Austerlitz wajen ƙarfe tara na dare ya isa Nice wajen tara na safe, kusan awa goma sha biyu ke nan, amma rabin su barci ne, gari kuma yakan waye muku daidai lokacin da jirgin ya fito gaɓar teku. A taragun barci akwai ɗaki mai gado shida a aji na biyu da mai gado huɗu a aji na ɗaya, ana ba kowa matashin kai da abin rufa da gorar ruwa, babu wurin wanka, kuma abinci gara ku shigo da naku. Abin da zai shafe ka shi ne a ɗakin gama-gari ana haɗa maza da mata waɗanda ba su san juna ba. Akwai ɗakunan da aka ware wa mata masu tafiya su kaɗai, kuma iyali suna iya biyan ƙarin kuɗi a keɓe musu ɗaki sukutum. Ku da kuke ku biyar, ƙaramar tana iya kwana da mahaifiyarta, ɗaki mai gado huɗu ya ishe ku, ku rufe ƙofa ku yi sallarku cikin natsuwa. Gadajen nan ba su da yawa kuma na Agusta sukan ƙare da wuri. Ga Marseille jirgin dare ba shi da amfani, domin da sassafe ƙwarai yake wucewa ta can, kuma babu dalilin kwana a hanyar da ake yi cikin awa uku.

Kuɗin tikiti ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa ne yayin da kujeru ke cika, kuma ƙarshen Yuli da farkon Agusta su ne lokacin da rabin ƙasar ke kan hanya. Wanda ya saya da wuri, ya kuma guje wa Juma'a da Asabar da ranakun da ke kewaye da hutun 15 ga Agusta, shi ne ke samun sauƙi. A TGV na yau da kullum, wanda ake kira INOUI, yaron da bai kai shekara huɗu ba yana tafiya kyauta a cinyar babba, kuma katin rangwame na shekara mai suna Carte Avantage yana rage wa babba kashi 30 cikin 100, yara 'yan shekara 4 zuwa 11 da ke tare da shi kuma kashi 60, ragin da zai iya biyan kuɗin katin a tafiya ɗaya. Ka nemi kujeru huɗu masu fuskantar juna da tebur a tsakiya, domin sun yi daidai da iyalinka. Jiragen Ouigo sun fi araha kuma suna zuwa garuruwan biyu, sai dai ana biyan kuɗi a kan babban akwati kuma babu taragon sayar da abinci. Marseille ta fi yawan jirage a rana, tun watan Yunin 2025 ma kamfanin Trenitalia na Italiya ya shiga wannan hanya, abin da ya ƙara wa matafiyi zaɓi. Ko wanne kuka hau, a rubuta suna a jikin kowace jaka, a kuma isa tasha da wuri, domin ana rufe ƙofar shiga kafin lokacin tashi.

Yanzu sai bakin tekun kansa, wanda shi ne abin da yara suka sani. Hotunan Nice ba ƙarya suke yi ba: titin Promenade des Anglais ya miƙe kusan kilomita bakwai a gefen ruwa, kuma daga tasha tafiyar ƙafa ta minti ashirin za ta kai ku can. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne babu rairayi a gaɓar, manyan tsakuwoyi ne masu santsi, waɗanda suke ɗaukar zafin rana su riƙa ƙuna a tafin ƙafa, ruwan kuma yana yin zurfi bayan taku kaɗan. 'Yata ta zo da ɗan bokitinta da cebur na roba za ta yi gini, ta duba ƙasa ta rasa abin ɗiba, sai da muka hau ƙaramin jirgi washegari zuwa Juan-les-Pins kafin ta samu rairayi. Wanda zai sauka a Nice ya saya wa kowa takalmin roba na shiga ruwa. A Marseille tashar Saint-Charles tana kan tudu, kana fitowa sai ka ga gari a shimfiɗe a gabanka da dogon matakala mai hawa 104, jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma tasha biyu kawai zai yi ya kai ku tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Vieux-Port. Gaɓar Catalans tana kusa kuma rairayi ce, amma ƙarama ce tana cika maƙil. Gaɓar Prado, wadda aka cike teku aka yi a shekarun 1970 da ƙasar da aka tono wajen haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta fi faɗi, akwai ciyawa da filin wasa a bayanta, kuma bas mai lamba 83 yana bin gefen teku ya kai ku. Aibin ruwan Marseille shi ne iskar arewa da suke kira mistral, wadda idan ta yi kwana biyu tana kaɗawa sai ta kore ruwan sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi ya taso, har a tsakiyar Agusta yaro ya sa ƙafa ya janye.

Ina roƙonka abu ɗaya ko ina kuka je. Da yawa daga cikin yaranmu ba su iya iyo ba, mu iyayen ma haka, saboda haka kada ku shiga ruwa sai inda masu ceto suke zaune, kuma ku duba tutar da suka ɗaga: kore a shiga, rawaya a yi hattara, ja kuma an hana.

Ƙananan jiragen yanki su ne inda Nice ta yi wa Marseille fintinkau. Layi guda ne ya bi gaɓa ya haɗa Cannes da Antibes da Nice da Villefranche-sur-Mer da Monako da Menton har Ventimiglia a Italiya, jirage suna zuwa akai-akai, kuma cikin ƙasa da rabin awa kana Monako. Idan har kuka tsallaka Italiya, to kowa ya riƙe fasfonsa da katin zamansa, har yara, domin tun 2015 'yan sandan Faransa suke hawa jirgi a tashar Menton-Garavan suna duba takardun masu dawowa. Marseille tana da nata layin, wanda ya bi gaɓar Côte Bleue ta yamma, an kammala shi a 1915 bisa gadoji masu tsayi da ramuka a cikin dutse, yana tsayawa a ƙananan garuruwa kamar Niolon da Carry-le-Rouet da Sausset-les-Pins. Jiragensa ba su kai na Nice yawa ba, sai an duba lokacin dawowa tun kafin a tashi. Ana kuma shiga jirgin ruwa daga Vieux-Port zuwa tsibiran Frioul, abin da yarana suka fi tunawa a duk tafiyar. Lungunan dutse na Calanques kuwa, duk da kyansu, ban ba ka shawarar kai ƙaramar yarinya ba a wannan wata, saboda tafiyar ƙafa ce mai tsawo cikin rana, wani lokaci ma ana rufe hanyoyin don tsoron gobarar daji.

A wajen abinci da ibada Marseille ce a gaba. Gari ne da Girkawa suka kafa kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tun daga lokacin baƙi ke sauka a cikinsa. A yau akwai ɗimbin mutanen Aljeriya da Tunisiya da tsibiran Komoro da Afirka ta Yamma. A unguwar Noailles, wadda ba ta da nisa da tasha, za ka tarar da mahauta masu naman halal a jere, da kuɓewa da barkono da busasshen kifi da dabino, ga wuraren salla kusa, ta yadda idan kun kama gida mai kicin maiɗakinka za ta yi girki kamar tana gida, kuɗin cin abinci a waje ya ragu sosai. A Nice ma ana samun halal, musamman a titunan da ke kewaye da tasha, kuma yara za su so socca, wata faffaɗar waina ta garin wake da man zaitun, amma masauki da abinci sun fi tsada a can.

Ka kuma yi tambaya a kan suturar maiɗakinka, kuma tambaya ce mai kyau. Hijabi ba laifi ba ne a titi ko a jirgi ko a bakin teku. Abin da dokar 2010 ta hana shi ne rufe fuska a bainar jama'a. A watan Agustan 2016 wasu garuruwan gaɓa kimanin talatin, ciki har da Cannes da Nice, sun hana shiga ruwa da rigar iyo mai rufe jiki, amma a ranar 26 ga watan babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta dakatar da irin wannan umarni na garin Villeneuve-Loubet, ta ce ya tauye 'yancin jama'a. Wannan hukunci bakin teku ya shafa, wuraren iyo na hukuma kuma suna da nasu ƙa'idojin dabam. A abin da na gani da idona, a gaɓar Prado mata masu lulluɓi suna zaune da 'ya'yansu babu mai waiwayensu, kuma wannan kwanciyar hankali tana cikin dalilan da suka sa na zaɓa muku Marseille.

Tana da nata nauyin da ba zan ɓoye maka ba. Akwai hayaniya da shara a wasu tituna, akwai masu yankan aljihu a kewayen tasha da kasuwa, kuma Nice ta fi ta tsabta da tsari nesa ba kusa ba. Saboda haka ka yi cefane a Noailles da rana, amma masaukin ka neme shi kusa da Vieux-Port ko Catalans ko Prado. Idan kuwa wurin aikinka ya ƙara maka kwanaki har suka kai takwas ko goma, to lissafin ya canza: ku tafi Nice a jirgin dare cikin ɗakin da aka keɓe muku, ku kama masauki a Antibes ko Juan-les-Pins inda rairayi yake, sannan ku dawo a jirgin rana, a benen sama, domin yara su ga jajayen duwatsun Estérel da hantsi.