Gidan mari ko zama da likitan ƙwaƙwalwa: amsata ga Yaya kan yaronta

Yaya, Allah ya shirya mana shi. Kin tambaya ko gidan mari za ki kai yaronki da ya faɗa shaye-shaye ko wajen likitan ƙwaƙwalwa. Biyun nan da kika ambata duk mun gwada su a kan ƙanina, shi tramol da kodin ne suka kama shi.

Gidan mari muka fara kai shi, ya yi wata huɗu. Ya daina sha a ciki kam, tunda ba inda zai samu. Sati biyu da fitowa ya koma ruwa, ga tabon mari a ƙafa, ga haushinmu a ransa. Har yau ina da-na-sani. Ki tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum ɗaruruwa a kulle, wasu cikin sarƙa.

A asibiti sai da suka fara lallaɓa jikinsa ya wuce ciwon gaɓoɓi da rashin barcin nan na farkon bari, sannan aka haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam, zama ɗaya duk sati. Ba faɗa, ba gori. Tambayarsa yake: wane lokaci sha'awar take taso maka, kana tare da wa, me ya faru kafin nan? Ashe majalisar bayan isha'i ce, da duk ranar da Baba ya yi masa tsawa. Suka tsara abin da zai yi a wannan lokacin, ya canza layin waya, ya koma shagon ɗinki. Mu ma an kira mu zama, a nan aka roƙe mu mu daina ce masa ɗan ƙwaya. Ranar da ya zo da kansa ya ce min “Yaya, jiya na sha”, kuka na yi, don a da sai dai ya rantse. Likitan ya ce tuntuɓe ne, a ci gaba. Yanzu shekararsa biyu ke nan da barin sha.

Ki kiyayi masu tallan garin magani a Facebook da TikTok, wai a zuba masa a abinci a ɓoye, kwana bakwai ya tsani ƙwaya. Kuɗinki kawai suke so. In kuma giya ce yaronki ya daɗe yana sha, kada ya yanke rana ɗaya a gida, tana iya jawo jijjiga mai haɗari.

Ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato, wanda ya fi miki kusa. Kuma ki raka shi da ƙafarki.