Fitowa a saman Google: aikin haƙuri ko dabarar yaudara

Mai son shafinsa ya fito a sahun farko idan an yi bincike a Google yana da hanyoyi biyu.

Ta farko tana cin lokaci. Ka rubuta abin da zai amsa tambayar mai nema, ka ba shi take bayyananne, shafin ya riƙa buɗewa da sauri ko a waya. Sannu a hankali wasu shafuka sukan saka mahaɗi (wato wurin da ake latsawa a tafi wani shafi) zuwa naka, Google kuwa yana ɗaukar wannan a matsayin shaida. Sai dai watanni kan shuɗe kafin a ga amfani.

Ta biyu ta masu gaggawa ce: maimaita kalma ɗaya har ta gundura, ɓoye farin rubutu a kan farin fage, sayen mahaɗai daga shafukan bogi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai karatu, wanda ya zo da buƙata ya tarar da shara. Wannan hanya takan yi aiki na ɗan lokaci, amma Google ya fito da sabbin tsare-tsaren tantance shafuka: Panda a 2011 saboda shafuka marasa inganci, sannan Penguin a 2012 saboda mahaɗan saye. Shafin da aka kama yakan nutse ƙasa, wani ma a cire shi ɗungurungum.