Farin cikon haƙori da aka yi min, ga yadda na same shi

Jama'a masu tambaya ta a kan farin cikon nan da ake yi wa haƙori mai kogo, wanda likitoci ke ce wa kwamfozit, ni dai an yi min a haƙora biyu, ɗaya na gaba ɗaya kuma turmi na ƙasa, kuma gaskiya na gamsu, amma akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya hau kujerar nan.

Na gaban shi ne ya fi damuna dan kogon a tsakanin haƙora yake, ya fara baƙi, in zan yi dariya sai na kare baki da hannu. Kafin likita ya taɓa komai sai da ya ɗauko wani faranti mai jerin haƙoran roba kala-kala ya dinga karawa da nawa har ya tsaya a kan wanda ya ce A3 ne. Na so ya sa min wanda ya fi fari, ya ce a'a, in ya fi sauran haƙoran haske kowa zai gane ciko ne. Kuma maganarsa gaskiya ce, yanzu ko ni sai na matso da madubi sosai nake gane wurin.

Aikin yana cin lokaci, wannan kam ku shirya. Bayan allurar kashe zafi da goge ruɓaɓɓen wurin, sai ya shafa wani shuɗin ruwa mai asid na ƴan daƙiƙu ya wanke, ya shafa gam ɗin da ke riƙe cikon, sannan ya fara zuba shi kaɗan-kaɗan, kowane zubi bai wuce kaurin milimita 2 ba, ya haska masa shuɗiyar fitila kamar daƙiƙa 20 ya daskare sannan ya ƙara wani. Dalilin haka shi ne abin yana ɗan tsukewa in yana daskarewa, in aka danƙara shi gaba ɗaya zai iya barin tsaga a gefe, ta nan ƙwayoyin cuta za su koma ciki. Sannan ba ya shiri da yawu ko kaɗan, shi yasa ma'aikaciyar ta cika min baki da auduga tana zuƙe yawun da bututu har muƙamuƙina ya gaji. Wallahi a nan na gane ingancin cikon nan rabi a hannun likita yake, in ka ga ana gaggawa ana so a sallame ka a kira na gaba, gara ka nemi wani wurin ko da kuɗin ya fi.

Turmin kuwa da can baƙin cikon nan ne a ciki, amalgam, ya tsage aka cire. Shi wannan kusan rabinsa sinadarin zaiba ne, shi yasa duniya ke ja baya da shi tun yarjejeniyar Minamata ta 2013 da ƙasashen duniya suka ƙulla dan rage amfani da zaiba, ƙasashen Tarayyar Turai ma sun hana amfani da shi daga farkon 2025 sai in da larura. Amma likitan ya ce min wanda nasa ke lafiya kalau kar ya je a farfasa masa haƙori haka kawai, kuma wajen juriyar tauna tsohon ba wasa ba ne.

Abin da bai min daɗi ba, kwanakin farko in na sha ruwan sanyi sai na ji tsirrr har cikin kai, kuma in na haɗe haƙora sai na ji turmin ya fi sauran tudu. Na koma, ya sa min wata ƴar takarda mai shuni na ciza, ya ga inda ya yi tudu ya goge, daga nan taunar ta daidaita, zafin sanyin ma ya lafa a hankali. Kar ku zauna da irin wannan kuna cewa zai saba, ku koma kawai.

Sai maganar rini. Ni mai shayi ne safe da dare, kuma na lura gefen na gaban ya fara ɗan sauya kala, masu goro da taba kuwa nasu zai fi saurin nunawa. Ana iya goge shi ya dawo da sheƙi a asibiti, amma maganin sa haƙori fari ba ya kama shi, dan haka mai niyyar wannan ya fara yi kafin a zaɓa masa kala.

Kuɗin kwamfozit ya fi na baƙin cikon. Akwai wani farin kuma mai sauƙi, gilas ayonoma, ɗiyata shi aka sa mata a haƙorin yarinta saboda yana fitar da fuloraid, sinadarin da ke taimakawa wajen kare haƙori daga ruɓewa, kuma ba ya buƙatar bushewa sosai, sai dai bai kai kwamfozit ƙarfi da kyan gani ba, dan haka ku tambayi sunan abin da za a zuba muku kafin ku biya.