Awa huɗu da ƙafa a Tsibirin Rauda: yadda rakiyar ta kasance

Mun kwana goma a Alƙahira ni da Yaya ban san Kogin Nilu ba sai ta tagar mota. Ka hango shi daga kan gada, kafin ka gyara zama an wuce. Yarinyar da ke karɓar baƙi a masaukinmu ce ta haɗa ni da wani ƙaramin kamfani na masu rakiyar baƙi, waɗanda ba sa sa mutum a mota, da ƙafa suke zagayawa da shi. Na biya na mutum biyu. Hanyar da suka rubuto mini ita ce: a tashi daga Fummul Khalij, a ƙetara Tsibirin Rauda, a gangara har ƙarshensa ta kudu, a sake ƙetarowa zuwa Tsohuwar Masar, wato tsohuwar unguwar Alƙahira. Awa uku suka ce. Huɗu muka yi, har da 'yan mintoci.

Mu shida ne. Mai rakiyar dattijo ne mai furfura, kowa Ustaz yake ce masa, yana Larabci a hankali yadda wanda ya yi karatun littafi zai fahimta, yana kuma maimaitawa da Turanci ga waɗanda ba sa ji. Tun gaisuwa ya lura Yaya tana ɗingisa ƙafar hagu. Bai tambaye ta ba, sai kawai ya ce, "Hajja, ke za ki riƙa yi mana gaba, tafiyarki ita ce tafiyarmu." Daga nan na san kuɗina ba su faɗi a banza ba.

A Fummul Khalij ya tsayar da mu gindin wata katafariyar hasumiya ta dutse mai kusurwa shida, wadda na sha wucewa a tasi ina zaton kurkuku ce ko ganuwa. Ashe wurin ɗiban ruwa ne. A samanta shanu ke juya manyan ƙafafun katako masu ɗaure da tuluna, su jawo ruwan Nilu sama, su zuba a magudanar da ke bin kan dogayen bakuna na dutse har zuwa Ƙal'a, fadar sarakuna da ke kan tudu. Sarki Nasiru Muhammadu ya yi aikin a farkon ƙarni na 14, Sarki Ghuri ya sabunta shi a farkon ƙarni na 16. Ustaz ya nuna mana titin da ya miƙe daga nan zuwa cikin gari, ya ce a da rafi ne da aka haƙa, ana toshe bakinsa da ƙasa, sai kogi ya cika a fasa toshiyar da biki, ruwa ya shiga birni. A ƙarshen ƙarni na 19 aka cike shi aka shimfiɗa hanyar taragu a kai. Sunan wurin ma, bakin rafi ke nan. Ban ƙara jin sunan unguwar nan yadda nake jin sa a da ba.

Ƙetare titin bakin kogi shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Motoci ba sa tsayawa. Ustaz ya ɗaga hannu ya shiga tsakiya, muka bi shi a dunƙule, na riƙe hannun Yaya gam. Ya iya, amma kamfanin ya kamata ya faɗa wa mutane tun wajen biyan kuɗi cewa akwai irin wannan ƙetare har sau biyu, domin mai tsoho ko mai ƙananan yara ya shirya.

Da muka hau tsibirin sai hayaniya ta ragu kamar an rufe ƙofa. Reshen kogin da ya raba Rauda da gaɓar gabas siriri ne, ruwansa a kwance, da 'yan kwale-kwalen masunta a ɗaure. Fadar Manyal, wadda Yarima Muhammad Ali Taufiƙ ya gina daga 1899 zuwa 1929, daga waje kawai muka gan ta, don shigarta ba ta cikin tsarin. Ban ji haushi ba. Abin da ya riƙe ni shi ne tafiyar kanta: lunguna masu inuwar bishiyoyi, shanya a barandar benaye, mai guga a ƙofar shagonsa, yaro a kan keke da faranti na burodi a ka. Ustaz ba ya cika mutum da surutu. Yakan yi shiru na tsawon layi guda, sai ya tsaya ya nuna abu ɗaya. A wani wuri ya ce mana a wannan tsibirin Sarki Salihu Ayyub ya gina wa bayinsa sojoji sansani wajen 1240, kuma saboda zamansu a kan kogi, wanda Misirawa ke kira bahar, aka riƙa ce musu Mamalik Bahriyya. Su ne suka karɓi mulkin Masar a 1250. Yaya ta dafa ni ta ce, "Ka ji? Bayi ne fa suka zama sarakuna, daga nan inda muke tsaye."

Amma duk abin da ya gabata share fage ne. Ma'aunin Nilu, wanda suke kira Miƙyas, a can ƙarshen tsibirin ta kudu, shi ne dalilin da zai sa in ce wa kowa ya yi wannan tafiya. Daga waje ɗaki ne ƙarami mai tsinin rufi, ba ya ɗaukar ido. Kana shiga sai ƙasa ta buɗe a gabanka: rijiya ce mai zurfi da aka gina da sassaƙaƙƙen dutse, matakala na zagaye da bangonta har ƙasa, a tsakiya kuma ginshiƙin marmara mai fuska takwas, an tsaga shi da alamomin zira'i 19. An gina shi a 861, wato 247 bayan Hijira, da umarnin Halifa Mutawakkil na Abbasiyya. Ruwa yana shigowa ta ramuka uku da aka haƙa zuwa kogi, kowanne a tsayinsa, ya tashi a cikin rijiyar daidai yadda ya tashi a waje.

Ustaz ya sa mu sauka 'yan matakai, ya ce mu ɗaga kai. A jikin bango akwai ayoyin Alƙur'ani da rubutun Kufi, ayoyin da ke magana kan ruwan sama da tsiro da raya ƙasa bayan mutuwarta. Sannan ya ɗora yatsa a iska daidai zira'i na 16. Ya ce idan ruwa ya kai nan, an samu wafa'i, kogi ya cika alƙawari, za a yi noma, za a biya haraji. In ya gaza da yawa, fari ne da tsadar hatsi. In ya zarce har ya doshi ƙarshen ginshiƙin, ambaliya ce. Wato abincin ƙasa guda da harajinta da kwanciyar hankalin sarkinta duk a jikin dutse ɗaya ake karanta su, kuma akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya sauko kullum a lokacin cikar kogi ya duba ya sanar. Tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970 cikar shekara-shekara ta daina isowa Alƙahira. Rijiyar a bushe take yanzu, an toshe ramukan. Na tsaya a wurin da ruwa ya yi fiye da shekara dubu yana hawa yana sauka, jikina ya yi sanyi. Yaya ba ta iya sauka ba, matakan ba su da abin dafawa, sai ta zauna a sama tana karanta ayoyin a hankali, Ustaz yana taimaka mata inda rubutun Kufi ya rikita ta. Ya ba mu kusan minti arba'in a nan, bai duba agogo ko sau ɗaya ba.

Wannan karamcin shi ya jawo babban aibin tafiyar. A harabar akwai Fadar Manastirli ta 1851 da gidan tarihin mawaƙiya Ummu Kulsum, duka muka wuce su a tsaye. Da muka bi gadar katako ta masu ƙafa muka koma gaɓar gabas, rana ta riga ta take, domin ƙarfe goma aka sa mu taru, alhali bakwai ko takwas ya dace. Tsohuwar Masar kuwa, wadda ita kaɗai ta isa yini, a gurguje aka yi ta. Ustaz ya nuna mana hasumiyoyin ganuwar Babila ta Rumawa da Cocin Mu'allaƙa da aka ɗora a kan ƙofarta, ya ce a zamanin da kogi a gindin bangon nan yake gudana, jiragen ruwa a nan suke tsayawa, daga baya ya janye yamma. Magana ce da ta cancanci a zauna a kanta, amma minti biyar ta samu. Haka Masallacin Amru ɗan As, na farko a Masar, wanda aka kafa a shekara ta 21 bayan Hijira: mun samu mun yi azahar a ciki, amma don Yaya ta roƙa ne, ba don an tsara ba. Babu wurin hutu ko bayan gida da aka ambata a takardarsu, kuma ruwan sha kowa da nasa. Sau ɗaya muka tsaya muka sha ruwan rake mai sanyi, shi ma Ustaz ne ya ga fuskokinmu ya yanke shawara.

Na rubuta wa kamfanin waɗannan abubuwa uku: su fara da sassafe, su faɗi gaskiyar tsawon tafiyar da ƙetare titi, su raba ta gida biyu, Rauda daban, Tsohuwar Masar daban. Sun amsa cikin ladabi, sun ce za a iya neman rakiya ta keɓe a lokacin da mutum ya zaɓa, da ƙarin kuɗi. Wanda zai je da iyaye, ita nake ba shi shawarar ya nema, ya sa takalmi mai laushi, ya kuma nemi a ba shi dattijon da ke yin hanyar Rauda tun kafin ya biya.

A tashar jirgin ƙasa ta Mar Girgis muka yi sallama. Yaya ta ce masa, "Ustaz, Allah ya saka da alheri, ka jira ni duk inda na tsaya." Ya dafa ƙirji ya ce ita ce ta yi masa alheri, don rabon da wani ya karanta masa ayoyin bangon nan har ya manta. Kwana biyu bayan haka muka koma Tsohuwar Masar mu kaɗai, ƙarfe bakwai na safe, muka fara daga gindin ganuwar da kogi ya bari.