Hattara da mai tallar enkodar murɗawa ga masu gidajen gem a Kaduna

Jama'a, masu gidajen gem da masu haɗa akwatin wasa, a yi hattara. Akwai wani da ke talla a WhatsApp, ya fi bin yaran gyara na Tudun Wada, Kawo da Rigasa. Wai yana da enkodar murɗawa, wato abin da ake murɗawa hagu ko dama don sarrafa wasa, da za ka jona kai tsaye a allon maɓallai na USB, irin wanda ake kira Zero Delay, ta kama aiki nan take. Ƙarya yake.

Wannan allon bai san komai ba sai an danna ko an saki. Ita kuwa enkoda layuka 2 take da su, A da B, kuma wanda ya riga ɗan'uwansa tashi shi ke nuna hagu aka murɗa ko dama. Idan ka jona su a ramin maɓallai, duk inda ka murɗa biyun za su riƙa kaɗawa. Dole sai an sa ƙaramin allo a tsakani mai karanta wannan tsere, ya mayar da shi dannawar kibod.

A nan ma yake cin mutane karo na biyu. In ka yi ƙorafi, sai ya ce ka ƙara kuɗi ya turo maka Pro Micro, ƙaramin allon da ke wannan aikin, ta tashar mota. Abin da ke isowa wani allo ne, Nano, mai aisi (IC, wato ƙwaƙwalwar allon) ATmega328P. Wannan ba ya iya fitowa a kwamfuta a matsayin kibod. ATmega32U4 ce ke da USB a jikinta, ita ke kan allunan Leonardo da Pro Micro. Lambar na rubuce a saman aisi ɗin, ku haska da fitilar waya ku karanta. In an goge, a bar masa kayansa.

Ita kanta enkodar, EC11 ce ta ƙara sautin rediyo, ƙas-ƙas kusan 20 a zagaye guda. Ta isa zaɓen wasa a menu, amma wasa irin Arkanoid na 1986 sai mai ɗaruruwan bugu a zagaye, wadda MAME, manhajar kunna tsofaffin wasanni a kwamfuta, ke gani a matsayin mawus.

Kada ku tura ko sisi sai an jona a gabanku. A buɗe Notepad, a murɗa dama harafi ɗaya ya fito, a murɗa hagu wani daban ya fito. Wanda ya riga ya tura, ya ajiye rasit da hirarsu, ya kai wa bankinsa da 'yan sanda.